Surukina da Mai Bokitin Shinkafa

Bayan titin bankuna a Doha, in ka bar gine-ginen gilashi ka kutsa lungu, akwai wani ɗan gidan abinci na mutanen kudancin Indiya wanda ya riƙe mini ciki a shekarun da na fara aiki. Ba shi da wani fasali. Teburan ƙarfe ne a jere, da fanka a bango tana taya na'urar sanyi kokawa, sai wurin wanke hannu mai tsohon madubi. Amma da azahar ta yi sai ka ga masu kwat da masu kakin gadi da direbobi kafaɗa da kafaɗa, kowa ya naɗe hannun riga, ba mai kallon wani. Abincin ba tsada, kuma ba a jira. Kafin ka gama zama an shimfiɗa maka ganyen ayaba, kafin ka yi bisimilla an kife maka tudun shinkafa a kai, an jera miya kala-kala a gefe.

Ƙa'idar gidan ita ce ka biya sau ɗaya ka ci har ka gaji. Akwai wani dattijo mai kaurin gashin baki da ke zagaye da bokitin ƙarfe cike da shinkafa da ludayi a hannu. Ba ya tambaya. Da ya hango koren ganye ya bayyana a gabanka, sai ya rufe shi. In ka ce masa ya isa da baki, murmushi zai yi, don a wurinsa wannan kawaici ne irin na baƙo mai tarbiyya. Abin da yake ji shi ne ka kife tafin hannunka a kan ganyen, ko ka jawo bakin ganyen ka ninke shi ya dawo ta wajenka. Wannan ne ke nufin ka ƙoshi kuma ka gode. Ni ma sai da na sha wuya a ranar farko kafin wani abokin aiki ɗan Sudan ya tausaya mini ya koya mini.

A lokacin na gama karatun da ya kawo ni ƙasar, na samu aikin fassara a wani ofis a titin. Na kama ɗaki da falo a Mu'aizir, takardun kawo iyali sun kammala. Matata da 'yarmu ta goye suna Funtuwa, a gidan mahaifinta. Abu ɗaya ya rage, wato amincewarsa. Ita ta ce ba za ta taka jirgi ba sai Baba ya sa albarka, ni kuma ban ga laifinta ba, don shi ya riƙe ta tun mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama.

Surukina ɗan kasuwar hatsi ne, irin waɗanda ba sa sayen buhu da kallon samansa, sai sun zura hannu har gwiwar hannu sun ɗebo na ƙasa. Rashin sa'ata, wani yaron unguwarsu ya yi aikin gadi a Doha ya koma gida a rame, ya je ya zauna a rumfarsa ya ba shi labari cewa mutanen nan a tsaye suke rayuwa, shayi a kofin takarda da ɗan burodi, shi ke nan an ci abinci. Tun daga ranar, duk sanda na kira, sai mu gaisa gaisuwa mai tsawo, mu tambayi damina, mu tambayi kasuwa. Da na fara lallaɓawa zuwa ga maganar, sai ya ce, “To, Malam, gani ya kori ji.” Sai ya miƙa wayar ga wani.

Allah da ikonsa sai ya tafi Umra, kuma jirgin dawowarsa zai yada zango a Doha daga hantsi zuwa bayan la'asar. Matata ta kira ni ta ce, “Ga shi nan zuwa. Ka san dai abin da zai duba.”

Na sani. Na je Aziziya na kama wuri a wani gidan abincin Yamanawa inda ake zama a kan darduma, a ja labule, a kawo rago a kan faranti kamar ana suna. Na roƙi manajanmu ya ba ni safiyar, ya yarda da sharaɗin in leƙo bayan azahar. Saboda zullumi ko karyawa ban yi ba.

Na ɗauko shi a filin jirgi cikin tasi. Ya zauna a baya da carbinsa da farar jallabiya sabuwa, ni ina gaba kusa da direba, na karkace don kada in ba shi ƙeya. Muka bi ta bakin teku, dogayen gine-gine suna ta sheƙi. Na yi tsammanin zai ce wani abu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Su ina suke noma?”

Na ce ba sa yi sosai, Baba, kawowa ake yi.

Ya ce, “Uhm.” 

Da na ce za mu je ya ɗan taɓa abinci, sai ya tambaya ko wurin da za mu nan nake ci kullum. Na ce a'a, wannan na manyan baƙi ne.

“To ni yau ba baƙo ba ne,” in ji shi. “Kai ni inda kake ci ranar da ba ka san wani zai gan ka ba.”

Haka ragon Aziziya ya tsira, muka juya zuwa lungun bayan bankuna.

Mun iso ana tsakiyar cunkoso. Kujeru biyu suka rage, kuma suna fuskantar juna a ƙarshen wani tebur. A nan matsalata ta farko ta fara. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa kai loma baki a gabansa ba. A Funtuwa in na je gaishe shi, a bakin zaure nake durƙusawa, ko ruwa aka kawo sai ya tashi nake sha. Yanzu ga shi an ce in zauna gwiwa da gwiwa da shi in buɗe baki. Na ɗosana a gefen kujera, na juya fuska wajen bango, da aka zo shimfiɗa mini ganye na ce a bar shi.

Mai bokiti ya tsaya yana kallona. Ya san ni, ya san aikina a kan shinkafa. Da guntun Larabcin da muke gaisawa da shi ya tambaya ko ba ni da lafiya. Na ce lafiya lau, wannan mahaifin matata ne, daga Umra yake. Da na san abin da wannan magana za ta jawo da na haɗiye ta. Mutumin ya ajiye ludayi, ya dafa ƙirji, ya ce, “Haji.” Daga nan ya manta da sauran teburan, ya dawo bayan surukina ya kafe.

Da farko komai ya tafi daidai. Surukina ya wanke hannu, ya ga kowa da hannu yake ci, ya gyaɗa kai. Ya ɗauki ƙwayar shinkafar ya murza tsakanin yatsu, mai ƙiba ce, jaja-jaja, ya ce wannan an turara ta kafin a casa, kamar ta gida. Ya ɗanɗana miyar ya ce da tsamiya a ciki. Ya tsamo wani dogon abu kore ya juya shi.

“Wannan ba 'ya'yan zogale ba ne?”

Na ce su ne, Baba.

“Ikon Allah. Mu muna can muna bar wa awaki.”

Ga kuɓewa, ga kabewa da aka dafa da kwakwa, ga nono mai tsami a ɗan kofi, ga soyayyen kifi ja wur da barkono. Ya ci a natse, kansa a ƙasa. Zuciyata ta fara kwanciya.

Sai dai na manta da wani hali nasa wanda duk Funtuwa an san shi da shi. Surukina ba ya barin ƙwaya ɗaya a kwano. Yakan ce mutum bai san a wace loma albarka take ba, kuma wanda ya san wahalar da hatsi ke sha daga gona zuwa tukunya ba zai bar shi ga shara ba. A gidansa yaro bai isa ya tashi ba sai kwano ya yi kamar an wanke. Don haka da ya zo ƙarshe sai ya sa gefen yatsa ya share ganyen tas, har yana ƙyalli. Ya ce alhamdulillahi.

Ludayi ya sauko ta kan kafaɗarsa. Sabon tudu, da miya a kai.

Ya dubi shinkafar, ya dube ni. Na ga abin da ya fahimta a idonsa: ni na sa a ƙaro, ina nuna masa ba a yunwa a hannuna. Ya ce, “Madalla,” ya gyara zama, ya sake bisimilla.

Ya cinye, ya share. Aka sake kifewa.

A karo na uku hannunsa ya rage sauri. Barkonon kifin ya fara aiki, gumi ya keto masa. Ya ɗaga hannun hagu ya yi wa mai bokiti alamar a dakata, irin wadda ake yi a gidan biki, ya ce, “Alhamdulillahi, alhamdulillahi.” Mai bokiti ya ji daɗi ƙwarai ya ga dattijo mai godiyar Allah. Ya amsa da, “Alhamdulillah, Haji,” ya ƙara rabin ludayi na girmamawa.

Wanda bai taɓa zama suruki ba zai ce me ya hana ni magana. To, bari in gaya masa. In na ce, “Baba, ya isa haka,” na ƙirga wa surukina loma ke nan, kuma ban san ruwan da zai wanke ni ba. In na ƙyafta wa mai bokiti ido, mutumin da ke gane mudun da aka danne daga ƙarshen layin kasuwa ba zai kasa gani ba, kuma labarin da zai isa Funtuwa shi ne na tsayar da abinci a bakinsa. Ai shi ne abin da ya zo dubawa. Na yi ƙoƙarin bi ta bayan gida. Na sunkuyar da kai na ce, “Baba, mutanen nan suna da wata al'ada game da ganyen nan.”

Bai ɗago ba ya ce, “Malam, ba a surutu a kan abinci.”

Na koma kallon bango.

Daga baya matata ta gaya mini yadda abin yake ta ɓangarensa. Ya ce ya ƙoshi tun a tudu na biyu. Amma yaya za a yi surukinsa ya kai shi cikin mutanen da yake hulɗa da su kullum, ya yi ta sa ana kawo abinci, shi kuma ya ture, ya ba shi kunya? Kuma barin abinci a ganye ba ya cikin lissafi. Ta ce ya ƙara da cewa bai so Ba'indiye ya je garinsu ya ce ya ga Bahaushe ya gudu ya bar shinkafa.

Haka aka ci gaba. Shi yana sharewa don tsoron Allah, wancan yana zubawa don karamci, ni ina tsakiya da yunwa. Can sai surukina ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ban taɓa ganin kansa ba sai ranar, ga askin Umra sabo fil, gumi yana gangarowa. Na yi sauri na mayar da idona kan bango, inda na haddace hoton wata kwale-kwale da bishiyoyin kwakwa. Wayata tana ta rawa a aljihu, na san manaja ne. Cikina kuma ya zaɓi wannan lokacin ya yi wani dogon kuka wanda na tabbata an ji a teburin baya.

Mutane sun fara lura. Masu kwat biyu da suka gama sun ƙi tashi. Wani mai kakin gadi a kusa da mu, Bahaushen zangon Kumasi da muke gaisawa, ya miƙe ya je ya wanke hannu, ya dawo ya rusuna.

“Sannu da ƙoƙari, Baba.”

Surukina ya amsa da kai, don bakin ba sarari.

Mutumin ya matso kunnena ya ce, “Ɗan'uwa, ka cece shi mana. Yalla, maza gaya masa ya rufe ganyen.”

Na ce, “Surukina ne.”

Ya ja da baya. “Af. To Allah ya kawo sauƙi.” Ya fita yana girgiza kai.

Ban san ko tudu na nawa ba ne, na daina ƙirgawa don ƙirgawar ma rashin kunya ce. Na dai ga ya share ganyen a hankali, kamar mai sharar ɗakin mara lafiya, ya jingina da kujera yana numfashi ta baki. Ludayi ya sake saukowa. Wannan karon bai sa hannu ba. Ya zuba wa shinkafar ido, ita ma kamar tana kallonsa. Gaskiya tsoro ya kama ni. Na ce a raina yau zan kashe wa matata uba da abincin rana, kuma a rubuta cewa daga Umra yake.

Sai na ga fuskarsa ta canza, irin yadda take yi in ciniki ya cije ya hango mafita. Abin da ba a iya ci, ba a kuma iya zubarwa, ai ƙunshe shi ake yi. Ya miƙa hannu ya kamo bakin ganyen na can nesa, ya jawo shi ta wajensa ya rufe shinkafar, ya lanƙwaso gefe da gefe kamar mai ƙunsa goro. Ya ce da ni, “A samo mini leda.”

Mai bokiti ya ajiye bokitinsa a ƙasa. Ya dafa ƙirji da hannu biyu, ya rusuna, fuskarsa cike da farin ciki. Ya ruga ya kawo tsohuwar jarida da zare, ya karɓi ƙunshin ya naɗe shi da kyau, yana gaya mini haka mahaifiyarsa take ƙunsa masa abinci in zai yi tafiya. Sannan ya ɗauki bokiti ya koma wa sauran bayin Allah da suka daɗe suna jira.

Surukina ya bi shi da kallo. “Ya tafi?”

Na ce ya tafi, Baba.

“Ya haƙura ke nan.”

Na ce ya haƙura.

Ya mayar da hularsa. “Yana da ƙoƙari,” in ji shi, kamar yadda ɗan dambe ke yabon wanda ya kayar.

Muka shiga ƙaramin masallacin lungun ya haɗa azahar da la'asar irin na matafiyi. Ruku'un da ya yi ranar, Allah dai ya karɓa. Na kira manaja na ba shi haƙuri, ya ce, “Khalas, shi ke nan, ka kai tsohon ka dawo.” Muka hau tasi ni da surukina. Ya kishingiɗa, ƙunshin yana kan cinyarsa, carbin ma ya huta. Ni kuwa ina gaba ina ta saƙa da warwara. Bai ga ɗakin ba, bai ga unguwar ba, abin da ya gani shi ne na kai shi lungu an nemi halaka shi. Na fara shirya yadda zan gaya wa matata mu ƙara haƙuri zuwa baɗi.

A ƙofar shiga filin jirgi na sauke masa jaka, na durƙusa na yi masa fatan sauka lafiya. Bai tafi ba. Ya tsaya yana kallon wani wuri sama da kaina. Matata 'yar fari ce, bai taɓa kiran sunanta ba, ban kuma taɓa jin ya yi maganarta kai tsaye ba, ko da ranar ɗaurin aure. Na ga maganar tana yi masa nauyi.

“Yarinyar nan,” ya ce, “ba ta iya cewa a ƙara mata ba. Tun uwarta ta rasu. Ko yunwa za ta kashe ta, in ta cinye sai ta ture kwano ta ce ta ƙoshi. Ni nake leƙawa in zuba mata. Ban gaya wa kowa ba.”

Ya gyara riƙon jakarsa.

“A gida akwai masu leƙawa. Nan ba ta da kowa sai kai. Ka ga mutumin nan mai bokiti? To haka za ka yi. Kada ka jira ta tambaya.”

Na ce in sha Allahu, Baba. 

“Sai ka aiko da takardun.” Ya miƙo mini ƙunshin. “Ungo. Tun a mota nake jin cikinka. Ka bari in shige tukuna.”

Na jira har farar jallabiyarsa ta ɓace cikin mutane. Sannan na zauna a kan wani benci a waje, cikin zafin nan, na kwance zaren. Shinkafar ta huce, miya ta ratsa ta, ganyen ya ba ta wani ƙamshi. Na ci ina share ido da bayan hannu, na ɗora wa barkono laifi ko da yake ba wanda ya tambaye ni. Ban bar ƙwaya ɗaya ba.

Matata da 'yar sun iso bayan ƙaramar salla. Daren farko ba ta yi girki ba, don ko tukunya ba mu gama saye ba, sai washegari da rana na biya ta lungun na sa aka ƙunso mana. Muka zauna a ƙasa a falon Mu'aizir, 'yar tana barci a kan tabarma. Matata ta ci nata kaɗan-kaɗan, ta cinye, ta ture farantin ta ce ta ƙoshi. Na jawo ƙunshin na ɗebo na zuba mata ban tambaye ta ba.

Ta dubi farantin. Sannan ta ce, “Wa ya gaya maka?”

Na ce wani Ba'indiye ne.

Ta yi dariya, ta goge ido da bakin mayafi, ta jawo farantin.